Hayaƙin gari ba a huhu yake tsayawa ba

Akwai wata mahaɗar hanya da nake bi kusan kullum da yamma, inda motoci ke cushewa har a yi minti ashirin ba a matsa ba. A tsakiyarta akwai jami'i mai ba da hannu, dattijo, wanda na tarar a wurin tun ranar da na fara bin hanyar. Rannan motar da nake ciki ta tsaya daf da shi, a bayan wata tsohuwar babbar mota mai ɗauke da kaya. Da hanya ta ɗan buɗe, direban ya taka totur, sai salansa ta feso wani baƙin hayaƙi da ya lulluɓe dattijon nan har na daina ganin fuskarsa. Ko gezau bai yi ba. Ya zaro farin hankici daga aljihu, ya goge fuska, ya fyace hanci, ya dubi hankicin da ya koma kamar an goge gindin tukunya da shi, ya ninke ya mayar. Na leƙo ta taga na ce, "Sannu da aiki, Baba. Wannan hayaƙi bai dame ka ba?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai mun saba."

Tun daga ranar wannan magana take cina. Ba shi kaɗai yake faɗinta ba, duk mazaunin babban gari yana faɗi, ni ma na sha faɗi. Kuma akwai gaskiya a ciki: hanci yana sabawa. Ka shiga gari daga ƙauye, kwana biyun farko warin hayaƙi zai hana ka sakat, ido ya yi ta ƙaiƙayi, maƙogwaro ya bushe. Bayan mako guda ka daina ji. Sai dai abin da ya daina aiki shi ne mai gadin ƙofa, ɓarawon kuwa yana ci gaba da shiga. An ce sabo turken wawa, ni kuwa ban ga wawanci a wurin dattijon nan ba, na ga mutumin da ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya faɗa masa inda hayaƙin yake zuwa bayan ya wuce hanci.

Baƙin da ya gani a hankici ma shi ne mai sauƙin. Manyan ƙwayoyin ƙura da kunkunniya gashin hanci da majina suna tare su, waɗanda suka ɗan zarce kuma tari da kaki su fito da su. Masu ɓarnar su ne ƙananan da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira PM2.5. Faɗin kowace ɗaya bai wuce maikiromita 2.5 ba, wato sai an jera kamar guda 30 kafin su kai kaurin silin gashin kai guda. Suna fitowa daga duk abin da aka ƙona: man dizal da fetur, kwal, itace, tsofaffin tayoyi, shara, hayaƙin masana'anta da na janareto. Wasu kuma a sama suke haɗuwa, idan iskar farar wuta da ta naitirojin suka gauraya da wasu abubuwa. Baligi yana jan numfashi kusan sau 20,000 a yini, yana zuƙar iskar da ta haura lita 10,000. Abinci kana iya duba shi ka ture, ruwa kana iya tafasa shi. Numfashi ba ya jiran ka yi shawara.

Su waɗannan ƙananan ƙwayoyi suna wuce maƙogwaro, su bi rassan bututun iska har can ƙarshe, inda huhu yake da 'yan jakunkuna miliyoyi ɗari-ɗari waɗanda bangonsu ya fi fatar albasa sirantaka. A nan iskar oksijin ke tsallakawa cikin jini. Idan ƙwayar hayaƙi ta sauka a wurin, jiki yana ɗaukarta a matsayin maƙiyi, ya tura sojojinsa, wurin ya kumbura. Da a ce sau ɗaya ne da ba komai. Amma kullum ne, dare da rana, shekara da shekaru, sai kumburin ya zama zaunanne, sinadaran da yake fitarwa kuma su bi jini su zaga jiki. Mafi ƙanƙanta daga cikin ƙwayoyin ma da kansu suke ratsa bangon su faɗa cikin jinin.

Daga nan labarin ya bar huhu ya koma zuciya, kuma nan ne nake ganin yawancinmu muka yi kuskure. Mun ɗauka hayaƙi harkar tari ce da asma. To, jijiyar jini tana da wata lallausar shimfiɗa a cikinta wadda ke sa ta buɗe ko ta tsuke gwargwadon buƙata. Kumburin nan yana ɓata shimfiɗar, jijiya ta yi tauri, jini ya hau. Kitsen da ke taruwa a bangon jijiya ya ƙara saurin taruwa. Jinin kansa ya ƙara danƙo, ya zama mai saurin daskarewa. Hayaƙin kuma yana tsokanar jijiyoyin saƙo da ke cikin huhu, su kuma su rikita tsarin da ke daidaita bugawar zuciya. Ranar da tarin kitsen nan ya fashe, gudan jini ya toshe hanya, idan a jijiyar da ke shayar da zuciya ne sai a ce bugun zuciya, idan a ta ƙwaƙwalwa ce sai a ce shanyewar ɓarin jiki. Za a yi ta cewa, "Jiya-jiya muka rabu da shi lafiya ƙalau." Ba wanda zai ambaci titi.

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2019 gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 kafin shekarun da aka saba kaiwa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda adadin ya rabu: kashi 68 cikin 100 ciwon zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki. Cutar toshewar huhu mai daɗewa ta ɗauki kashi 14, cututtuka irin su nimoniya kashi 14, sankarar huhu kashi 4. Wato cikin kowane mutum uku da iska ta kashe, biyu ba ta huhu aka kayar da su ba. Kashi 89 cikin 100 na mamatan kuma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke.

Wani zai ce, ta yaya aka san iska ce, tunda ba a rubuce yake a goshin mamaci ba? Tambaya ce mai kyau, kuma an daɗe ana amsa ta. A watan Disamba na 1952 sanyi ya yi tsanani a Landan, kowane gida yana ƙona kwal, iska kuma ta tsaya cak. Iska mai ɗumi ta yi wa garin murfi daga sama, hayaƙi ya rasa mafita. Daga ranar 5 zuwa 9 ga watan mutum ba ya ganin 'yan taku kaɗan a gabansa, motocin haya suka daina tafiya, hayaƙi ya shiga har cikin ɗakunan asibiti. Da aka zo lissafi, an ce mutum 4,000 suka mutu. Binciken da aka sake yi bayan shekaru ya kai adadin kusan 12,000. Wannan ne ya haifar da dokar tsabtace iska ta Birtaniya a 1956.

Amma irin wannan annoba ta kwana biyar kowa yana ganinta. Wadda ta fi wuyar kamawa ita ce ta yau da kullum, mai ci a hankali kamar gara. Masu bincike na Jami'ar Harvard sun bi rayuwar mutum sama da 8,000 a garuruwa shida na Amurka har tsawon shekara 14 zuwa 16, suka fitar da sakamako a 1993. Bayan sun cire tasirin shan taba da shekaru da ƙiba da sauransu, suka tarar cewa yawan mace-mace a Steubenville, garin da ya fi ƙazantar iska, ya ɗara na Portage mai iska mai kyau da kashi 26 cikin 100. Masu masana'antu sun yi ta ƙorafi, aka ba wasu masana daban bayanan suka sake dubawa, sakamakon bai sauya ba. A birnin Augsburg na Jamus kuma an tambayi mutum kusan 700 da suka tsira daga bugun zuciya inda suke kafin ciwon ya kama su. Sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna haɗarin yana ninkawa kusan sau uku a cikin awa guda bayan mutum ya shiga zirga-zirgar motoci, ko a motarsa yake, ko a bas, ko a keke. A nan zan yi adalci: ƙarar hon da ɓacin ran cunkoso suna da nasu kaso. Duk wanda ya taɓa makara a cunkoso ya san yadda ƙirji ke yi.

Gwajin da ya fi zauna mini a rai shi ne wanda aka yi a Landan aka buga a ƙarshen 2017. An ɗauki mutanen da suka kai shekara 60 zuwa sama, masu lafiya da masu ciwon huhu da masu ciwon zuciya. Kowa ya yi tafiyar ƙafa ta awa biyu a lambun Hyde Park, wata ranar kuma ya yi irinta a titin Oxford mai cike da bas da tasi masu shan dizal. Bayan tafiyar lambu huhu ya ƙara buɗewa, jijiyoyin jini suka yi laushi, amfanin ya kai har washegari. Bayan tafiyar titi kuwa amfanin ya ragu ƙwarai, a wasu ma jijiyoyin tauri suka ƙara. Ƙafafu ɗaya, awa biyu ɗaya, tazarar wuraren kuma ba ta kai ta kawo ba. Likita ya ce wa mai hawan jini ya riƙa tattaki, ya yi biyayya, titi ya karɓe ladan.

Yara kuwa nasu ya fi ban tausayi, domin huhu ba a haifar mutum da shi kammalalle. Yana girma har mutum ya doshi shekara 20, kuma abin da bai ginu ba a lokacin da wuya ya ginu daga baya. Yaro yana numfashi da sauri fiye da babba, yana yawan guje-guje, ga shi gajere, hancinsa ya fi kusa da bakin salansa. Ka tsaya a ƙofar kowace makaranta da ke bakin titi lokacin tashi, ka ga motocin iyaye a jere injuna a kunne, yara suna ratsawa ta bayansu. A kudancin Kalifoniya an bi yara daga shekara 10 zuwa 18, aka tarar a 2004 cewa waɗanda suka tashi a unguwannin da suka fi hayaƙi sun fi yiwuwar kai shekara 18 da raunin huhu kusan ninki 5. Da iskar yankin ta gyaru, binciken 2015 ya nuna yaran da suka biyo baya huhunsu ya fi na yayyensu girma.

Akwai wata yarinya 'yar shekara 9 a kudancin Landan, gidansu 'yan mitoci ne daga wani babban titi. A cikin shekara uku an kwantar da ita a asibiti kusan sau 30 saboda asma, ta rasu a watan Fabrairu na 2013. Mahaifiyarta ta ƙi yarda a bar maganar a nan. Sai a Disamba 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke hukunci cewa gurɓatacciyar iska tana cikin abin da ya kashe ta, kuma ita ce mutum ta farko a Birtaniya da aka rubuta wa haka a takardar mutuwa. Ku duba: miliyoyi a ƙididdiga, amma sai da uwa ta yi shekara bakwai tana faɗa kafin a rubuta sunan makashin sau ɗaya. Shi ya sa shugabanni ba sa jin zafin abin. Idan gada ta rufta da mutum goma, minista zai je wurin a ranar. Idan iska ta ɗauki mutum dubu ɗaya-bayan-ɗaya, kowa a gadonsa, ba gawar da za a nuna a talabijin.

Na san abin da ake cewa, kuma ba na raina shi. Ana cewa wanda bai ci ya ƙoshi ba ina ruwansa da tsabtar iska, a bari a samu masana'antu da aikin yi tukuna, ai waɗanda suka ci gaba ma ta cikin hayaƙi suka bi. Gaskiya ne mai tsohuwar mota ba don son hayaƙi yake tuƙa ta ba, mai kunna janareto ba don nishaɗi yake kunnawa ba, matar da ke ƙona shara a bayan gida ba a zo an kwashe mata ba ne. Ban ga amfanin tare talaka a hanya a ci shi tara a ce an yi aiki ba. Amma hujjar a jira tana ɓoye wani abu: wa yake biyan kuɗin jiran? An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, a nan kuwa ba haka abin yake ba. Mai motoci uku yana zaune a unguwa mai bishiyoyi, gilashi a rufe, na'urar sanyi a kunne. Wanda ba shi da ko keke shi ne mai talla a tsakiyar titi, shi ne mai shara, shi ne mai haya a ɗakin da tagarsa ke kallon tashar mota. Kuma magidancin da ɓarin jikinsa ya shanye yana ɗan shekara 50, an rasa mai nema, an ƙara mai jinya. Wane ci gaba ne wannan ya kawo wa gidan?

Sannan babban kaso na hayaƙin nan ba talauci ne ya kawo shi ba, shawarar wasu ce a ofis. A 2015 aka gano cewa kamfanin Volkswagen ya sa wa motocin dizal kusan miliyan 11 wata manhaja mai gane lokacin gwaji, motar ta nuna hali na gari a gaban masu dubawa, a kan titi kuma ta fitar da iskar naitirojin mai guba da ta kai ninki 40 na abin da dokar Amurka ta yarda. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta auna man dizal a gidajen mai na ƙasashen Afirka takwas, ta samu wanda farar wutar da ke cikinsa ta ninka iyakar Turai har sau 378. 'Yan kasuwa ne suke haɗa shi da gangan don kasuwannin da dokarsu ta yi sako-sako. Direba ba shi ya zaɓi wannan mai ba. Kuma tun 2012 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, a 2013 ta ƙara da gurɓatacciyar iskar waje gaba ɗayanta.

Abin yana gyaruwa idan an so, kuma ba ya ɗaukar ƙarni. Fetur mai dalma, wanda ya yi shekaru yana daƙile ƙwaƙwalwar yara, an bi shi ƙasa-ƙasa har Aljeriya ta sayar da na ƙarshe a 2021. Birnin Beijing na ƙasar Sin ya kai matsakaicin maikirogiram 89 na PM2.5 a kowace mita kiyubik (wato akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗaya ne) ta iska a 2013. An rufe tukwanen kwal, an matsar da masana'antu, an tsaurara dokar motoci, zuwa 2021 ya sauko 33. Har yanzu da sauran tafiya, tunda a shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'auninta daga 10 zuwa 5, ma'aunin da kusan kashi 99 cikin 100 na mutanen duniya suke zaune a inda ba a cika shi ba. Motar lantarki ma ba ta kashe maganar, don taya da birki suna ci gaba da zubar da ƙura. Bas da jirgin ƙasa masu kyau waɗanda za su sa mutum ya bar motarsa a gida sun fi ta amfani.

Game da takunkumin fuska, kada mu yaudari kanmu. Na ƙyalle da na asibiti mai laushi ƙananan ƙwayoyin nan suna bi ta gefensu. Irin N95 yana tarewa idan ya zauna daram a fuska, amma ba ya hana iskar guba wucewa, kuma ba wanda zai yi shekara 30 yana barci da shi. Abin da mutum zai iya yi wa kansa kaɗan ne: ya bi ƙaramin layi maimakon babban titi, ya kashe inji idan ya tsaya, kada ya daina motsa jiki amma ya nemi inda motoci suka yi ƙaranci, mai asma ko ciwon zuciya kada ya yi wasa da maganinsa. Nauyi a ƙirji mai sauka hannu ko muƙamuƙi, da gumi da sarƙewar numfashi, asibiti ake kai shi nan take, ba a jiran gari ya waye.

Idan aka ce in zaɓi abu guda da kowace hukumar birni za ta fara da shi, zan ce ta auna iskar ta kuma faɗa wa mutane, kullum, kamar yadda ake faɗin hasashen ruwan sama. A Beijing ɗin nan, wata na'ura guda da ofishin jakadancin Amurka ya kafa a rufin gininsa a 2008, tana fitar da lamba kowace awa a intanet, ta taimaka wajen sa mutane su daina kiran abin hazo. Da mutane suka ga lamba, sai suka fara tambaya, da tambaya ta yi yawa hukuma ta fara fitar da nata alƙaluman.

Dattijon mahaɗar hanyarmu an ba shi rigar aiki, an ba shi usur, an ba shi riga mai ƙyalli don kada mota ta buge shi da dare. Ina so a ƙara masa gwajin hawan jini da na huhu duk shekara, a riƙa musanya shi da wani bayan 'yan awoyi. Ina kuma so a ɗaura na'urar awo a jikin turken fitilar da yake tsayawa kusa da shi, daidai tsayin hancinsa, da allo mai manyan lambobi yana fuskantar direbobi. Minti ashirin muke yi a wurin kowace yamma, ba za mu rasa lokacin karantawa ba.